Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya Mana a Lamarin Yaronmu da Karen Marigayi Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nuna mana ƙarshen wannan jarrabawa lafiya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam. Yaronmu ya kammala allurarsa ta rigakafin ciwon haukan kare, raunin damtsensa ya warke sai tabo, ya kuma koma makaranta. Duna ma, karen marigayi Baba da ya cije shi, yana nan da ransa. Ba zan maimaita yadda abin ya faru ba, domin yawancinku kuna tare da mu tun yammacin da aka yi cizon, ni kuwa gajiya ba ta bar mini ƙarfin dogon labari ba.

Na san mai alheri ba ya son a kira sunansa a bainar jama'a, amma maƙwabciyarmu da kowa ke kira Malama Nas sai ta yi haƙuri da ni. A daidai lokacin da wasu ke cewa a shafa toka a ɗaure da tsumma, ita ce ta karɓe yaron daga hannun mahaifiyarsa, ta sa aka yi ta kwarara ruwa a kan raunin tana wanke shi da sabulu har minti 15 cif, idonta a kan agogon wayarta, yaro yana ihu ba ta fasa ba. Ita ce kuma ta matsa mu tafi asibiti a daren, ta rubuta mana ranakun allura a bayan kati: ranar farko, rana ta 3, ta 7, ta 14 da ta 28. Asibitin da muka fara zuwa babu allurar, sai da ɗan acaɓan unguwarmu ya zaga gari da ni har muka samu, ya kuma ƙi karɓar ko kwabo.

Waɗanda suka fito da sanduna a daren nan ban riƙe su a zuciya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, da yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Duk mai ɗa dole ya tsorata. Sai dai ina gode wa Mai Unguwa da ya tsaya a ƙofar gida ya ce ba mai taɓa karen sai likitan dabbobi ya gan shi. Likitan da aka kira mana daga Samaru ya ce a killace shi kwana 10 ba tare da kowa ya kusance shi ba, domin karen da ke ɗauke da cutar a yawunsa a ranar da ya yi cizo ba ya wuce waɗannan kwanaki bai nuna alama ko ya mutu ba. Ya kuma gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa idan alama ta bayyana, za a kashe shi a aika kansa cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a gwada.

A cikin kwanakin nan ne na ga tashin hankalin da ban taɓa gani ba. Duna ya daina cin abinci, yawu ya fara dalala ta gefe ɗaya na bakinsa, ya kwanta a lungu bai ko ɗaga kai. Na haska shi da tocila ta saman katanga, na ga yawun, gwiwoyina suka yi sanyi. Daren nan ban runtsa ba, ina shiga ɗaki ina taɓa goshin yaron ina fitowa, ban gaya wa mahaifiyarsa abin da na gani ba. Bayan sallar Asuba sai ga Sarkin Baka, abokin farautar Baba tun suna samari, ya dogaro sandarsa ba wanda ya aika masa. Bai shiga wurin karen ba. Ya sa aka kife masa turmi a wajen shingen, ya zauna ya ba shi gefen jikinsa, bai kalle shi ido cikin ido ba, bai kuma ce uffan ba har rana ta fara hudowa. Can sai ya yi fito, irin fiton da Baba ke yi idan zai tara karnukansa a daji, gajere biyu da dogo ɗaya. Karen ya ɗaga kai, ya riƙa juyo kunnen dama yana neman inda sautin ya fito, ya taso yana jan ƙafar baya har bakin shinge, ya sha ruwan kaskonsa yana karkatar da baki gefe guda. Dattijon ya juyo ya ce da ni, "Ɗana, a ganina wannan ciwo ne da maraici. Amma kada ka ɗauki maganata ka saki ta likita, a cika kwanakin nan." Na ce, "To, Baba," sai hawaye ya ƙwace mini a gabansa.

Da kwanakin suka cika lafiya, likita ya yi masa allurar barci ya duba shi tun daga kai har wutsiya. Fiƙarsa ta hagu ta tsage har cikin dasashi, ƙurji ya taru a ƙarƙashinta cike da mugunya, kunnen hagun ya kurumce, gaɓoɓin ƙugunsa kuma sun ci saboda shekarun da ya yi yana bin zomo da gada a dazukan ƙasar Zazzau. Yaron ya zo masa ne ta ɓangaren da ba ya ji, yana barci, ya rungumi kansa daidai inda ƙurjin yake. Likita ya ce ciwon da ba a gani ba yana cikin manyan dalilan da ke sa tsohon kare mai haƙuri ya fara cizo, shi ya sa ake fara duba lafiyarsa kafin a yanke masa hukuncin mugun hali. Sarkin Baka ya ƙara da nasa: karen da ya saba kwana a daji, ya san murya ɗaya tak da yake bi, rana guda muryar ta ɗauke, aka ɗaure shi da sarƙa a turke yara suna wucewa suna jifansa, babu inda zai gudu, to haƙoransa kaɗai suka rage masa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar gurnani. Kare yana gurnani ne don ya ce a ja baya, idan kuwa aka riƙa dukansa duk lokacin da ya yi, zai daina gargaɗin ya riƙa kai cizo kai tsaye, kuma tun rasuwar Baba duk wanda Duna ya yi wa gurnani da sanda yake rama masa.

An cire haƙorin, aka ba shi magani, likita ya kuma ja kunnenmu kada a kuskura a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, domin yana lalata wa kare ciki da ƙoda. Sauran aikin ƙanena ne ya ɗauke shi, kuma ban san da bakin da zan gode masa ba. Ya kwance sarƙar ya yi masa shinge mai faɗi a inuwar darbejiya. Shi kaɗai ke ba shi abinci, a lokaci ɗaya kullum, ya ajiye ya ja da baya ba ya tsaya masa a ka. Idan zai zo yakan biyo ta dama yana buga ƙafa a ƙasa don kada ya firgita shi. Da farko daga nesa yake jefa masa busasshen kifi ya wuce abinsa, sai da karen ya fara tasowa da kansa sannan ya rage tazarar. Takunkumi ma bai ɗaura masa da ƙarfi ba, nama yake sakawa a ciki har Duna ya saba cusa bakinsa da kansa. Yanzu kowace safiya yana fita da shi fadama da doguwar igiya, ya ɓoye masa guntun fatar zomo a cikin ciyawa ya bar shi ya nemo, domin karen aiki idan ya rasa abin yi hankalinsa ba ya kwanciya. Mun koyi lura da shi: idan ya fara lasar leɓe, ko hamma ba ta barci ba, ko ya kau da kai, ko jikinsa ya sandare, sai a ba shi wuri. Watanni aka ɗauka kafin ya yarda a shafa wuyansa. Duk da haka, maƙwabta su kwantar da hankalinsu, an yi masa rigakafi, ba ya fita sai da takunkumi, kuma ba za a sake barinsa da yaro su kaɗai ba har ƙarshen rayuwarsa.

Ina gode wa Liman, wanda da surutu ya yi yawa ya tunatar da mu bayan sallar Magariba cewa hadisi ya halatta riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, cewa aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farautar da aka horar, ya kuma kawo labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ina gode wa Gwaggo da ta tare a gidanmu tana jinya, da matan unguwa da ba su bar tukunyarmu ta huce ba, da abokan aikina da suka haɗa kuɗin allura ban roƙa ba. Uwargida kuma, wadda ɗanta aka ciza amma ta ce amanar Baba ce a yi masa magani, Allah ne kaɗai zai biya ta. Akwai 'yan uwa na jini da suka ci naman da karen nan ya kamo shekara da shekaru, waɗanda duk gudunmawarsu ita ce saƙon WhatsApp cewa a kashe shi a huta, har yau kuma ba su leƙo sun duba yaron ba. Zumunta dai a ƙafa take, amma ba komai, wataƙila uzuri ne ya riƙe su.

Ya Allah, ka saka wa duk wanda ya taka, ya kira, ya bayar ko ya yi mana addu'a a ɓoye da mafificin alheri. Ka tsare 'ya'yansu daga abin da ya samu namu, ka ba marasa lafiyarsu lafiya, ka yalwata arzikinsu, ka rufa musu asiri duniya da lahira. Ka ƙara wa Sarkin Baka lafiya da nisan kwana, ka sa ya gama da duniya lafiya. Ka jiƙan Baba da rahama, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa tare da dukkan Musulmin da suka riga mu gidan gaskiya. Amin summa amin.