Motar da hanbirkinta maɓalli ne, kar a danne fistin ɗin baya da ƙarfi

Motocin Beljiyam da suke shigowa Jos yanzu da yawansu ba su da hanbirkin nan na ja da hannu, ɗan maɓalli ne kawai, yawanci kusa da giya, da harafin P a jiki, ka ɗaga shi ka ji wani ƙara zuuu daga baya shikenan mota ta kama. Honda Civic daga 2016, CR-V daga 2017, Accord daga 2018, Lexus RX daga 2016, Mercedes ML na 2012 zuwa sama, Passat kuwa tun 2005 take da shi. Abu ne mai daɗi wajen tuƙi musamman a garin nan namu da ko'ina hawa ne da gangara, amma ranar da fad ɗin birkin baya, wato abun da yake gogar dis (faifan ƙarfen da ke juyawa da taya) ya tsayar da mota, ya cinye to a ranar ake gane waye ya san motar waye bai santa ba, kuma ina ganin yadda ake lalata kalifa mai tsada, wato ƙarfen da ke ɗauke da fistin ɗin da yake matse fad, saboda aikin da bai kai ya kawo ba, abun yana min ciwo wallahi shi yasa na zauna na rubuta wannan.

Ni aikina kenan, birki da ƙafar mota, kuma ina da yara a hannuna da suke koyo. Yaron da ya taso a kan Camry Muscle ya saba da abu ɗaya, ya cire kalifa ya sa kilam ko taya liba ya danne fistin ya koma ciki ya saka sabon fad, domin ita hanbirkinta daban yake a cikin dis. Wanda ya saba da Golf 4 ko Accord EOD kuma ya san cewa fistin na baya murza shi ake yi yana shiga. Duk biyun daidai ne a kan motocinsu, amma a kan mai maɓalli ba haka bane.

Abun da yake ciki shine, a bayan kowane kalifa na baya akwai ƙaramin moto na lantarki cikin baƙar roba, da ƙananan haƙora na giya a ciki, su suke juya wani dogon sukuru, shi kuma sukurun akwai noti a kansa da yake zaune cikin fistin. In ka ɗaga maɓalli moton ya juya notin ya tafi gaba ya tura fistin ya matse fad a jikin dis, in ka danna ya ja baya ɗan kaɗan kawai, iya yadda taya zata sake. Toh fad yana cinyewa notin yana ƙara matsowa gaba, kenan ranar da ka zo canji notin yana can gaba ya tokare fistin daga ciki. Ka sa kilam ka matsa ba zai shiga ba, ka ƙara ƙarfi kana faɗa da ƙarfen sukuru ne da haƙoran giya, wani abu sai ya ba da kai, ko zaren sukurun ya lalace ko gidan moton ya tsage. Wani lokacin ma ba a ranar zai nuna ba, sai bayan kwana biyu wutar birki ta kama a dashbod ko taya ɗaya ta riƙe ta ƙi saki mutum yana tafiya yana jin ƙauri.

Gyaran abun ba wuya, a fara sa motar a sabis mod, wato a umarci moton ya janye notin har ƙarshe. Yawanci da sikana ake yi, wato na'urar da take magana da kwamfutar mota, a jona ta a ƙasan sitiyari a shiga wajen birki a zaɓi buɗewa, zaka ji moton kalifa na ɓangare biyun suna kuka na ɗan lokaci sai su yi shiru. Wasu motocin ba sa ma bukatar sikana, Mercedes da yawa yana nan cikin menu na dashbod da maɓallan sitiyari ake shiga, Ford kuma akwai yadda ake haɗa taka totur da riƙe maɓallin da kunna makulli. Kowace mota da nata tsarin, don haka nake cewa yarana a duba na wannan motar takamaimai kar a ɗauko na wata a ɗora mata. Bayan notin ya koma sai a tura fistin a hankali, a mafi yawansu miƙe yake shiga ba murzawa.

Kafin duk wannan akwai abubuwan da nake nacewa a kai har yaran suna cewa Oga ka cika maimaici. Waje ya zama a daidai ba gangara ba, giya a P, a sa waigi a tayoyin gaba saboda da zarar an saki birkin baya babu abun da yake riƙe ta ta can, kuma a sa jak stan, jak kaɗai ba abun yarda bane. A kashe oto hol, wato tsarin da yake riƙe birki da kansa in mota ta tsaya, a kuma lura cewa wasu motocin da kansu suke ɗaura hanbirki in an kashe inji. Batir ya zama da ƙarfi, in ya yi sanyi a jona caja, domin in wuta ta faɗi moton yana tsakiyar tafiya kwamfutar motar rikicewa take yi ta ajiye kod, wato lambar matsala. Sannan kar kowa ya taɓa maɓallin nan ko ya taka birki alhali kalifa tana waje, fistin zai fito gaba ɗaya man birki ya zube, aikin awa ɗaya ya koma na yini. Na fi so mai mota ya zauna a benci da makullin a aljihunsa in tsarin motar ya yarda a kashe ta.

Sai maganar jona batir kai tsaye. Na san ana yi, a cire soket ɗin moton a ba shi wuta 12V da wayoyi biyu, in ya yi gaba a juya wayoyin ya yi baya. Yana aiki, ba zan ce baya yi ba, kuma wanda hannunsa ya faɗa yana fita lafiya. Amma ni bana so, saboda kwamfutar motar tana auna wutar da moton yake ja ne ta san inda zata tsayar da shi, batir kuwa bai san tsayawa ba, in notin ya kai ƙarshe baka cire waya ba haƙoran ne zasu sha. In dole ce babu sikana, gara a kwance moton daga jikin kalifa, yawanci kusoshi biyu ne, a juya sukurun da hannu har ya tsaya, a kula da zoben robar da ke tsakani wajen mayarwa don in ya tsinke ruwan damina zai shiga, kuma kowa ya san ruwan Jos a watan Agusta ba wasa bane.

Sauran aikin irin na kowace mota ne. A buɗe tankin man birki a duba kar ya tumbatsa lokacin tura fistin, man nan yana cin fenti. A wanke fin ɗin da kalifa take zamewa a kai a sa giris na birki, ba baƙin giris ɗin ƙafa ba wanda yake kumbura roba. Kar a bar kalifa tana lilo a jikin hos ko wayar moto, a rataye ta da waya. A duba dis in ya yi rami ko baki mai kaifi. Fad kuma in ya sauko wajen milimita 3 a canza kar a jira ƙarfe ya fara cin ƙarfe, kuma a canza ɓangare biyun tare. In zaka shiga Dilimi siya ka tafi da lambar shasi ko tsohon fad ɗin a hannu, don mota ɗaya shekara ɗaya tana iya zuwa da kalifa iri biyu.

An gama ɗaurawa sai a taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri, sannan a fitar da motar daga sabis mod, a ɗaga maɓalli a saki kaman sau uku a saurara ko ɓangarorin biyu suna kuka iri ɗaya, a goge kod in akwai. Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa, mota ta fita gareji hanbirki baya aiki mai ita bai sani ba sai ya yi fakin a gangara.

Ku masu mota, don Allah ku riƙa tambaya kafin a kwance taya, Malam kana da sikanar da zata buɗe birkin baya? Bakanike na ƙwarai ba zai ji haushi ba, in bashi da ita zai kira rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ko maƙwabcinsa mai ita, kuma ɗan abun da za a ƙara maka na sikana bai kama ƙafar kuɗin kalifa ɗaya ba, balle a ce sai an yi odarta daga Legas mota tana zaune. Mu ma masu aikin ya kamata mu haɗa kuɗi ko mutum uku ne a sayi ɗaya, motocin nan ƙaruwa suke yi kullum a Farin Gada da Bukuru da ko'ina.

Kuma in an saka sabon fad yau kar ka ɗauki hanyar Abuja gobe da asuba ka je ka gwada shi a Hawan Kibo, ka fara zagayawa cikin gari kana taka birki a hankali daga gudu matsakaici har fad ɗin ya kwanta a jikin dis, ka samu ɗan hawa marar cunkoso ka tsaya ka ɗaga maɓallin ka sa giya a N ƙafarka tana kusa da feda ka gani ko ta riƙe, in ta motsa ko wutar P tana ƙyaftawa ka koma gareji a ranar.