Murfin biro mai nutso a cikin gora

Jama'a jiya ni da yaran gidanmu mun yi wani ɗan gwaji da har yanzu yake min daɗi. Gorar ruwa ta roba muka cika har baki, muka ɗauko murfin biro muka toshe ƴar ƙofar samansa da cingam, muka manna wani dunƙulen a wutsiyarsa don ya ɗan yi nauyi ya tsaya a tsaye kansa kawai ke leƙowa, sai muka saka shi ciki muka rufe gam. Kana matse gorar zai yi ƙasa sululu, kana saki ya taso, autarmu har da ihu wai aljanu ne.

Ba wani aljani wallahi. Iska ce ta maƙale cikin murfin, shi ruwa ba ya matsuwa amma iska tana ƙanƙancewa, to in ka matsa sai ruwa ya ƙara kutsawa ciki murfin ya fi ruwan da ya ture nauyi, shikenan sai nutso. Wannan ƙa'idar Arkimidis Bagirke ne ya gano ta sama da shekara 2000 da suka wuce, jirgin ƙarƙashin teku ma haka yake yi, ya cika tankunansa da ruwa ya nutse, ya huro iska ya taso.

Ni abin da ke min ciwo haddace shi kawai muka yi a sakandare don jarabawa. Iyaye don Allah ku gwada da yaranku, amma ku fara daidaita nauyin cingam ɗin a kofi tukuna, in ya yi yawa tun farko zai nutse.