Abin da gasar azumi ta koya mini a wurin buga jesi

Kamfanin da nake yi wa aiki a Jidda abu biyu yake yi: muna buga wa ƙungiyoyin unguwa jesi, muna kuma ba masu shirya gasa manhajar da ke riƙe musu jadawali da maki da rajistar 'yan wasa. Kakarmu watan Sha'aban ne. Matasan unguwannin Karantina da Sabil da Gulail, har da na Shara Mansur a Makka, kowa so yake rigarsa ta fito kafin a ga wata, domin bayan asham ake take ƙwallo, wani daren sai dab da sahur a tashi.

Yadi na fara sani. Zafin Jidda mai gumi ne, auduga kuwa shanye zufa take yi ta yi wa yaro nauyi. Shi ya sa muke aiki da farin yadin roba. A kan takarda ake buga zane, a danne ta da injin zafi kusan digiri 200, tawadar ta zama tururi ta shige cikin zaren. Lambar manne ta fi araha, amma tana shan wanki za ta fara ɓarewa. In kaftin ya ce, "Yaya, a rage mana," nakan ajiye masa tsohuwar riga ta kowane iri ya taɓa da hannunsa. Sunaye ma sai an sa ido: in ba a saita manhajar zane ba, haruffan Larabci a rarrabe suke fitowa, kuma ba kowane salon rubutu ke da ƙ da ɗ ba.

Launi ma yana da tasa rigimar. Wannan na son rawaya da baƙi irin na Ittihad, wancan na son koren Ahli, wato manyan ƙungiyoyin ƙwallon Jidda, sai a wayi gari ƙungiyoyi uku a rukuni ɗaya kamar tagwaye. Dokar ƙwallo ta ce dole launin ɓangarorin biyu ya bambanta, na gola kuma ya fita daban. Don haka ba na kunna inji sai na ga jerin launukan gasar duka.

Amma darasin da ya fi zauna mini a wajen manhaja yake. Lissafi ba ya ba ta wuya. Ƙungiya 8 in kowa zai kara da kowa sau ɗaya wasa 28 ke nan, nan take za ta jera su. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta yanke wa mutane abin da ba su yanke wa kansu ba. In ƙungiya biyu suka yi kunnen doki a maki, wa ke sama? A gasar Firimiya ta Ingila bambancin ƙwallaye ake fara dubawa, a La Liga ta Sifaniya kuwa sakamakon karawar da suka yi da juna. Duka biyun daidai ne, kuma kowanne yana da masu kare shi a bakin fili. In ba a zaɓi ɗaya tun farko ba, ranar da abin ya taso wanda aka fitar zai ce an ci kuɗi an taɓa kwamfuta, kuma ba ka da abin da za ka nuna masa. Na ga zumuncin unguwa biyu ya yi tsami a kan wannan, a cikin wata mai alfarma, abin ya dame ni ƙwarai.

Yanzu kafin in buɗe gasa sai an zauna, kaftin-kaftin da dattijon da kowa ke jin maganarsa. Nakan ce, "Baba, a yanke mana yau: katin gargaɗi nawa ke hana wasa, minti nawa za a jira wanda ya makara, yaushe za a rufe rajista?" A rubuta, kowa ya sa hannu, sannan in shigar. Batun ɗan haya, wanda ake ɗaukowa ranar wasan ƙarshe, nan ake kashe shi, don lambar da ke bayan jesi ita ce ke cikin rajista tare da hoton mai ita.

Wannan hoton ya warware mana wata matsala da ta fi taɓa zuciyata. Da can manhajar lambar katin shaida take nema, alhali akwai yaran da a nan aka haife su amma takardunsu ba su kammala ba. Osama Hawsawi, kaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, ɗan Makka ne, a ƙungiyar Wahda ta can ya taso, kuma irinsa yaran nan ke mafarkin zama. Na roƙi masu rubuta manhajar su mayar da wannan gurbi na ganin dama a gasannin unguwa, suka amince. Hoto da lambar riga da sa hannun kaftin sun isa a shigar da yaro.