Malamin Ajin da Aka Haɗa Ku da Shi Ba Mai Sa Hannu Ba Ne Kawai

Ƙannena masu shirin fita koyarwar gwaji, ranar da jami'a ta ba ku wasiƙa zuwa makarantar da aka tura ku, kun shiga hannun malamai biyu ke nan: lakcaran da zai zo ya ba ku maki, da malamin da zai ara muku ajinsa. Galibi waɗannan biyun a takarda kawai suka san juna. Ni da na tsinci kaina tsakaninsu, sai na kama mai maki, na yi watsi da mai aji.

Malamar da aka haɗa ni da ita ta daɗe tana koyar da lissafi, ni kuwa na zo kaina cike da sunayen masana, ina mata kallon wadda zamani ya wuce. A makon farko an ce in zauna bayan aji in kalli yadda take yi. Na ɓuge da rubuta aibinta: ba ta raba yara rukuni-rukuni, ba ta kawo kayan koyarwa, alli kawai. Ban lura da cewa in ta jefa tambaya sai ta yi shiru, ta bar kowa ya yi tunani, sannan ta kira suna ba. Ban lura da yadda take takawa a hankali ta tsaya kusa da yaron da ke shirin fara surutu, bakinta bai bar bayani ba. In yaro ya ba da amsar da ba daidai ba, sai ta rubuta ta a allo yadda ya faɗa, ta ce a nemo mata inda lissafin ya karkace.

Abin takaicin, shirun nan an koya mana shi. Masaniyar ilimi Mary Budd Rowe ta nuna a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa 1 bayan tambaya, kuma in suka kai 3 ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, yaran da ke magana su ƙaru. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci, ga shi ana yi a gabana ban gane shi ba.

Masanin zamantakewa Dan Lortie ya ƙiyasta a 1975 cewa kafin mutum ya gama sakandare ya yi kusan awa 13,000 yana kallon malamai. Shi ya sa kowannenmu ke jin ya san koyarwa. Amma ɗalibi abin da aka yi yake gani, dalilin yin sa na cikin kan malamin, kuma ba zai fito ba sai an tambaya. Saboda haka in an tashi daga darasi ku bi shi ku ce, "Malam, me ya sa ka tsallake misali na biyu?" Da yawansu babu wanda ya taɓa yi musu irin wannan tambayar, za ku sha mamakin abin da za su faɗa.

Kuskurena na biyu ya fi muni. Da na ji lakcara zai zo, sai na koyar da darasin tun ana gobe, na raba wa yara amsoshi. Ranar kowa na ɗaga hannu, na samu maki mai kyau, shawarar da ya rubuta mini kuwa ba ta amfane ni da komai ba, don ajin da ya gani ba nawa ba ne. Matsalata ta gaskiya, cewa ina rasa yara da zarar na juya baya ina rubutu a allo, malamar ce kaɗai ta sani, kuma babu wanda ya nemi jin ta bakinta. An miƙa mata fom ta sa hannu.

Wannan giɓin ne wasu ƙasashe suka yi ƙoƙarin cikewa. A Finland jami'o'in da ke horar da malamai suna da makarantunsu na gwaji, inda jagorantar masu koyon koyarwa ke cikin aikin malamin aji. Jami'ar Oxford ta fara wani shirin horar da malamai a 1987 wanda ita da makarantu suka tsara tare. A 1992 Ingila ta wajabta cewa mai digiri da ke kwas ɗin shekara ɗaya na koyarwa a sakandare ya yi mako 24 cikin 36 a makaranta. A Amurka, ƙungiyar Holmes ta shugabannin tsangayoyin ilimi ta yi kira a 1990 da a samar da makarantun da za su zame wa malamai abin da asibitin koyarwa yake ga likitoci. A ganina yawan makonni ba shi ne maganin ba, don ni ma na daɗe a makaranta ban koyi abin kirki ba. Abin da ya fi ƙarfi a waɗannan tsare-tsare shi ne an ba malamin aji ta cewa.

Ba ku da ikon sauya tsarin jami'arku, amma ku kaɗai ne ke shiga gidajen nan biyu, jami'a da makaranta. Tun makon farko ku ba malamin aji kwafin takardar da za a auna ku da ita, ya san abin da jami'a ke nema, ya kuma faɗa muku wanda ba zai yiwu a ajinsa ba. Ranar da lakcara ya zo, ku koyar da darasin da ke kan layi ko da mai wuya ne, sannan ku roƙe shi ya zauna da ku da malamin ko na minti goma. Yana iya cewa yana sauri, akwai wasu makarantun a gabansa, ku dai roƙa. In kun koma jami'a, ku tafi da kurakuran da kuka gani suna maimaituwa a littattafan yara, ku ajiye su gaban malamin dabarun koyarwa.

Ku kuma tuna makaranta ɗawainiya ta ɗauka da ta karɓe ku. Ni na bar malamar da baya a manhaja, na tafi ban rubuta mata inda na tsaya ba, ita ta sha wahalar cike gurbin kafin jarrabawa. Kafin ku tafi ku bar wa mai aji takarda: abin da kuka koyar, abin da bai zauna ba, da sunayen yaran da ke buƙatar a sake bi ta kansu.