Fiya wata nawa ya kamata Kawu ya sha a Magazine?

Shekaranjiya da magariba Kawu ya dawo daga Suame Magazine, unguwar gareji da masu aikin ƙarfe a Kumasi, ya tuɓe rigar aiki ya rataye a ƙusar bakin ƙofa, sai na ga bayan rigar duk farin zane kamar yara sun yi wasa da alli a kai. Gishiri ne fa, na jikinsa, zufa ta fito da shi ta bushe. Mutumin nan walda yake yi, wuni guda gaban wuta ga zafin Kumasi na watan Maris, da dare kuma sai ka ji yana salati wai jijiyar ƙafa ta ɗaure. Na ce Kawu ko dai ba ku shan ruwa ne? Ya ce kai yaro, leda goma ta fiya wata na sha yau.

Abun ya tsaya min a rai, na sauke manhaja biyu na lissafin shan ruwa a waya in gani. Wallahi duk kanwar ja ce, su tambaye ka nauyinka su ce sha kofi 8 shikenan, kamar mai zama ofis cikin sanyin AC da mai dukan ƙarfe a rana jikinsu ɗaya. Kuma wa ke shan ruwa da kofi a Magazine ko kasuwar Kejetia? Mu da leda muke ƙirga, leda ɗaya rabin lita ce, biyu lita guda, ko kayayo, 'yar dakon kasuwa, da ba ta taɓa shiga aji ba ta san wannan.

Sai na ari sikelin maƙwabciyarmu mai aikin jinya na bi Kawu wurin aiki. Da safe kilo 72, bayan azahar 70 da rabi, alhali ya sha leda huɗu a tsakani kuma bai ci komai ba. Kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa, kenan wajen lita uku da rabi ta fita jikinsa cikin rabin wuni, galibi ta zufa. Yaran garejin suna ta dariya wai na mai da Kawu ragon layya.

To manhajar da nake son haɗawa daga nan za ta fara. Ta tambaye ka wane aiki kake, a rana ko a inuwa, awa nawa, rigarka na yin fari ko a'a, fitsarinka fari ne ko ya koma kamar lipton, sai ta ba ka amsa da leda, ta kuma faɗa maka yaushe ruwa zalla ba zai wadatar ba, dan zufa ba ruwa kaɗai take ɗauka ba, da sodiyam take tafiya da ɗan fotasiyam, kuma wanda ya yi ta ɗura ruwa babu gishiri babu abinci zai iya tsinka gishirin jininsa har ciwon kai da jiri su kama shi. Maganin ma ba sai na kanti mai tsada ba. Ruwan gishiri da sukari da iyayenmu suka sani, lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko fakitin ORS na kemis. Ga ruwan kwakwa, ga ayaba, ga waakye, wato shinkafa da wake, da miya ma kanta.

Inda nake jin tsoro shi ne hawan jini, dan ya yi yawa a zangonmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, mu kuwa magi da yajin shito kaɗai sun isa. Dan haka tambayar farko dole ta zama kana da hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya? In eh, manhajar ta yi shiru kan gishiri ta ce je ka ga likita.

Kuma ba zan yi ta sai babbar waya ba, Kawu ƙaramar Nokia gare shi. Lamba nake so a danna kamar *170# na MoMo da ake tura kuɗi ta waya, da Hausa da Twi. Lissafin azumi ne ya fi ba ni wahala, yadda za a raba ledojin tsakanin buɗa baki da sahur ba tare da mutum ya kwana zaryar bayi ba.

Da na karanta wa Kawu tsarin ya ce to madalla, amma a sa mata wurin da za ta faɗa masa wa zai biya kuɗin duk ledojin nan.