Saƙon Godiya ga Ƴan'uwa da Abokai a Maradi

A cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ni da maiɗakina da yaranmu muna miƙa godiya ga dukan waɗanda suka tsaya tare da mu tun daga ruwan saman ƙarshen watan Agusta 2024, wanda ya rushe gidaje masu yawa a Maradi, har da namu, zuwa wannan mako da muka koma ɗakunanmu.

Godiya ta farko ga Allah take, domin bango ya faɗi amma ba a rasa rai a gidanmu ba, alhali akwai iyalai a garin nan da suka binne nasu. Muna ci gaba da yi musu addu'ar ta'aziyya.

Mun zauna a ajin lakwal tare da wasu iyalai, kuma da yake gwamnati ta ɗage komawa karatu zuwa 28 ga Oktoba, mun san cewa zaman na ɗan lokaci ne. A cikin wannan damuwa ne wani dattijon ikilisiyarmu, wanda muka yi shekaru muna nazarin Littafi Mai Tsarki tare, ya kwashe kayansa daga ɗaki ya ba mu mabuɗi, bai kuma taɓa tambayar ranar da za mu tashi ba. Baba, Allah ya sāka maka. Da dare, idan barci ya ƙi zuwa, yakan shimfiɗa tabarma kusa da ni ya zauna, ba wa'azi, ba dogon bayani, kamar yadda abokan Ayuba suka zauna da shi kwana 7 kafin su buɗe baki. Na tabbata wannan zama ya riƙe bangaskiyata a lokacin da addu'a ta yi mini nauyi. Sau da yawa mukan ɗauki abota a matsayin abin da ake yi bayan an tashi sujada, amma Ubangiji da kansa ya kira almajiransa abokai a Yohanna 15:15, kuma ta hannun abokai ne ya amsa kukanmu.

Iyayenmu na Zumuntar Mata, kun raba ranakun girki a tsakaninku har tukunyarmu ta koma wuta. Matasa kuma sun buga tubali a ranakun Asabar, sun yi jigilar yashi da amalanke. Fasto da dattawa, mun ga baikon da aka tara na kwano da siminti.

Dole in ambaci maƙwabtanmu Musulmi, domin su ne suka fara shiga ruwa suka fitar da yaranmu, kuma maginin da ya ɗora rufin ya ƙi karɓar cikakken kuɗin aikinsa. Malam, mun gode ƙwarai.

Za mu yi sujadar godiya ranar Lahadi mai zuwa a majami'armu, daga nan a wuce gida a ci abinci tare. Baikon wannan rana za a miƙa shi ga wata gwauruwa a unguwarmu wadda har yanzu ba ta tada bangonta ba.