Talata, gardamar fada

Kuran ya dawo wajen ƙarfe goma, na samu na ƙarasa ɗan program ɗin nan na butik ɗin Kawu da na rubuta da yaren Python. Rubuta bashi, cire bashi, fiddo jimillar wata. Baƙin allo kawai da layin umarni, don ordinatar ɗin tsoho ne, ba ya ɗaukar abu mai nauyi.

Bayan la'asar na nuna ma Laminu a fada. Yana cikin zuba shayi na biyu ya leƙo ya ce "haba abokina, har yanzu argparse? Ai wannan na tsofaffi ne, yanzu Typer ake yayi." Argparse da Typer duka kayan Python ne na karanta umarnin da aka buga wa program. Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai har yanzu.

Ai na san Typer, kuma yana da daɗin aiki. Sebastián Ramírez mai FastAPI ne ya yi shi, ya ɗora shi kan Click na Armin Ronacher, wanda ya yi Flask. Ka rubuta aikinka ka ce wannan lamba ce wancan rubutu ne, shi ke nan ya haɗa maka zaɓuɓɓuka da --help mai launi tsaf. Da argparse kuwa sai ka yi ta jera add_argument layi bayan layi, in kana da ƙananan umarni uku irin nawa sai ka ƙara da add_subparsers, ya fi tsawo, wannan ban musa ba.

Amma argparse cikin Python yake zuwa, tun 3.2 a 2011, ba ka sauko da komai. Typer sai da pip, wato abin sauko da kayan Python, pip kuma sai da rezo, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, yana jawo Rich da wasu 'yan rakiya. Butik ɗin Kawu a kasuwar Dole yake, ba intanet a ordinatar ɗin, ni fichiye guda zan sa a kile in kai, Sani da zai yi amfani da shi a can ya buga ya yi aiki. Laminu ya ce to ka yi pip download a gida ka kwashe su duka a kile mana. Na ce ana yi, amma ranar da injin ya lalace aka sake masa komai ni kuma ba na gari, wa zai tuna da wannan tarkacen? Sani?

Sai Laminu ya yi shiru, can ya ce in haka ne ka bar Python ɗin ma, ka koma yaren Go da Cobra, irin Typer ɗin Go, wadda kubectl da Hugo suke amfani da ita, in ka harhaɗa fichiye ɗaya tak yake fitowa, ko Python ba ka buƙata a can. Nan kam ya faɗi abin dubawa.

Muna tashi ya ce mini tafiyarsa Yamai ta tabbata, bayan salla. Tun lokacin jikina ya yi sanyi. A fadar nan shi kaɗai ne zan ce ma argparse ya gane, balle ya ja da ni, sauran ƙwallo ne da farashin mai. Gardama a WhatsApp ba ɗaya ba ce, kowa aika nasa yake ya kashe data.

Inna ta yi tuwo miyar kuka, kaɗan na ci. Ƙura ta taso da magariba.

Go ɗin sai na sayi forfe, wanda nake da shi ba zai sauko da shi ba.